Rasuwar Masi, Famfon Jirgin Mehrun Sagar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda ɓacin rai ya kusa fin ƙarfinsa, Jusab Talab na unguwar masu jirgi a Mandvi, makaniken jirgin katako Mehrun Sagar, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a, na gida da na kowace tasha daga Sharja har Barbara, rasuwar Masi, tsohuwar na'urar famfo da ke kwashe ruwa daga cikin jirgin. Ta rasu da hantsi a tsakiyar teku, babu ƙasa ta kowace fuska, tana kan aikinta.

Jusab ya ce a rubuta wannan tun daga farko, kafin wani ya riga shi: ba tsufa ne ya kashe ta ba. Ba kuma sakacin makanike ba ne, kamar yadda ake ta yaɗawa daga wani ofis mai sanyi a Mandvi. Kashe ta aka yi, sannu a hankali, ido na gani. Wanda ya kashe ta yana da suna, za a kuma ambace shi.

Marigayiya ba 'yar teku ba ce ta asali. A gona aka fara saninta, a wani ƙauye can bayan Bhuj, tana jan ruwan rijiya tana shayar da dabino da auduga, har rijiyar ta koma gishiri manomin ya rabu da ita. Ranar da aka sauke ta cikin jirgi da igiya, babu furfura ko ɗaya a gemun Jusab. Yau gemun fari ne tas. Silinda ɗaya gare ta, da ƙaton wili na ƙarfe a gefe, da fenti wanda tsofaffi suka ce kore ne a da. Da hannu ake tayar da ita. A sa mariƙi a juya, a juya har kafaɗa ta yi tsami, sai ta yi tari biyu, "tuf... tuf...", ta yi shiru kamar mai shawarar ko ta yarda ko kada ta yarda, sannan ta kama: "tuf-tuf-tuf-tuf."

Duk wanda ya taɓa kwana a jirgin katako ya san ba a hana shi shan ruwa. Yana sha safe da yamma, ta tsakanin katakai, ta gindin sandar farfela, ta inda ƙusa ta ci tsatsa. Babban inji mai tura jirgi yana da masu yabonsa, shi ake nuna wa baƙi, shi ake goge wa jiki. Masi a ƙasa take, cikin duhu, inda ruwan teku da baƙin mai da ruwan wanke-wanke suke haɗuwa su yi warin da ba ya fita daga tufa. Shi ya sa aka sa mata Masi, ƙanwar uwa, wadda ke shigowa gida ta share ɓarnar yara ta fita ba ta kai ƙarar kowa ba.

Mace ce mai haƙuri, ba ta zaɓen abin da za ta haɗiya. Ta haɗiyi shinkafa da ɓawon albasa da guntun taba. Ta taɓa haɗiye hular Sidik mai girki ta dawo masa da ita ta tiyo, baƙa ƙirin amma ba ta yage ba. Sidik ɗin da bugunta yake murza gurasar safe, in ta yi sauri gurasa ta fito siririya, in ta yi nawa ta fito da kauri, har ma'aikata kan duba farantinsu su san lafiyar famfo. Ba za a ɓoye aibinta ba: tana da zuciya. Ba ta tashi wa mai zaginta. Ta taɓa maido mariƙi ta fasa wa Jusab haƙoran gaba biyu, ya tofar da jini ya ce laifinsa ne, shi ya riƙe ta da garaje.

Jikinta kuwa babu inda bai ɗinke ba. Ya yanka mata gaskit daga silifas. Ya tufka mata bel da igiya a shekarar da bel ya tsinke babu tasha kusa. Bawul ɗinta na ƙasa fatar takalmin Haji Aamad ce, tandal ɗin jirgi, shugaban da kowa ke bin umarninsa a kan ruwa, wanda ya cire takalmin da kansa ya miƙa ya ƙarasa tafiyar da ƙafa ɗaya a sake. An yi mata walda a Mukalla, an sake yi mata a Sharja. Ba ta taɓa barin ruwa ya kai wa kowa gwiwa ba, sai a ranarta ta ƙarshe.

Ciwon ajalinta ya faro ne tun a gida, da damina, lokacin da jirage ke kwance a bakin kogi ana shafa musu man kifi. Jusab ya wanke hannu, ya sa riga mai tsabta, ya tafi wurin mai jirgi, Seth Abdreman. Ya same shi yana zuba shayi a ɗan faranti yana kurɓa.

"Seth, Masi na bukatar ringi da boris. A kuma samo mata mataimakiya, ko ƙarama ce. Jirgi mai famfo ɗaya ba jirgi ba ne."

"Tana tashi?"

"Tana tashi."

"Tana jan ruwa?"

"Tana ja, amma..."

"To me ya rage, Jusab-bhai? Gado zan saya mata da katifa?" Ya yi dariya, mutanen da ke zaune a ofishin suka taya shi. "Baɗi. Baɗi in Allah ya kai mu, za ka ga sabon famfo har sai ka gaji da kallo."

Abin da ya faɗa bara kenan, da bara waccan. Maimakon famfo, sai ya ba su surukinsa, Firoz, mijin 'yarsa ta biyu, wanda shagonsa na takalma ya durƙushe, ya ce shi zai riƙa lura da kaya. Jusab ya so a ce Firoz mugu ne, da abin ya fi sauƙin ɗauka. Ba mugu ba ne. Matsoraci ne. In wayar surukinsa ta shigo, tsaye yake miƙewa ya amsa, ko da shi kaɗai ne a wurin, ko da a ɗan akwatin bayan gida yake wanda ke rataye a bayan jirgi.

A Sharja suka yi lodi: shinkafa, sukari, tayoyi, katifu, man girki, tsofaffin firji. Jirgi ya zauna daidai layin da bai kamata ruwa ya wuce ba. Haji Aamad ya leƙa gefe ya ce a rufe tamfol. Sai ga mota cike da siminti ta tsaya a bakin tasha, Firoz na biye da ita da waya a kunne.

"Jirgi ya ƙoshi, yaro," in ji Haji.

"Baba ya ce a ƙara, Haji-bapa."

"Babanka ya taɓa ganin jirgi yana amai?"

"Ya ce in ba a ɗauka ba, akwai tandal da yawa a Mandvi da ke zaman kashe wando."

Haji yana da 'ya'ya mata da bai aurar ba. Ya juya baya, aka loda siminti. Katakan sama, waɗanda rana ta busar suka buɗe baki, suka nutse ƙarƙashin ruwa. Daga ranar Masi ba ta ƙara samun hutu ba. Da a da safe da yamma ake tayar da ita, ta yi aikinta ta kwanta. Yanzu sai dai a kashe ta a duba mai, a sake tayarwa tun jikinta bai huce ba.

Haka suka ƙetare. A sama rayuwa na tafiya yadda ta saba: shayi da gurasa da asuba, dafa-dukar shinkafa da wake da rana, kifi in ƙugiyar da ke jan baya ta kama, busasshe in ba ta kama ba. Ruwan sha da gwangwani ake aunawa, wanka da na teku. Ana karta a kan buhunan sukari, ana gardama a kan wane ne ya fi minshari, ana ɗaga waya sama ana neman layin da babu shi. Jusab bai ga ko ɗaya ba. Ya kwashe tabarmarsa ya koma ƙasa kusa da ita. Sidik kan sauko masa da abinci ya yi masa magana, sai ya ga leɓe na motsi kawai, don kunnensa ya cika da "tuf-tuf-tuf" har babu wurin maganar mutum.

A Barbara aka sauke kaya, aka zauna jiran awakin da za a kai Salala. Jiran ya yi tsawo, zafi kuma irin wanda ke narkar da kwalta tsakanin katakai. A nan ne Karsan ya shiga maganar. Karsan kafintan jirgi ne, ɗan masunta, Hindu, ya girmi Jusab, kuma tun suna samari suke jirgi ɗaya. Shi ke fasa kwakwa a goshin jirgi ranar tashi, Jusab na gefe yana karanta addu'arsa. Tukunyarsu daban, butar shayinsu ɗaya. Hannunsa na dama ya san jikin Mehrun Sagar fiye da yadda ya san fuskar jikokinsa. Kullum yana rataye a gefe da guduma da auduga da gwangwanin man kifi, yana cusawa yana bugawa. Wata safiya ya sauka can gaba ta hagu, ƙasa da layin ruwa, ya tura wuƙa a wani katako, wuƙar ta shige kamar cikin gurasa.

Ya samu Firoz a inuwar tamfol. "Ƙaramin maigida, katako ɗaya ya ruɓe. A ja jirgi kan yashi in ruwa ya janye, in cire shi in sa sabo. Ina da katakon."

Firoz ya miƙe tsaye ya kira Mandvi, ya buɗe murya kowa na ji.

"A ja jirgi kan yashi?" in ji Seth. "Sallah ta matso, awaki sun iso gari, wasu jiragen na layi suna jiran mu yi kuskure, shi kuma yana so ya yi wasan sassaƙa? Ku liƙa siminti. Ba kun kai siminti ba?"

"Seth," in ji Karsan, ya matso da bakinsa kusa da wayar, "siminti ba ya kama ruɓaɓɓen itace."

"Wane ne wannan? Firoz, kashe wayar nan, kana ƙona min kati."

Karsan ya liƙa siminti, ya rufe da kwano, ya buga ƙusoshi. Da ya gama bai kalli aikin ba, abin da Jusab bai taɓa gani ya yi ba.

Sannan maganar mai. Aikin da Masi ta sha ya cinye baƙin man da aka tanada mata. Jusab ya faɗa wa Firoz ya samo. Firoz ya shiga gari ya dawo da jarka da ya karɓa a hannun wani mutum a bayan kasuwa, yana murna ya yi wa surukinsa tattali. Jusab ya tsoma yatsa ya murza, ya ji yashi-yashi, ya sansana ya ji ƙauri.

"Wannan ai wata mota ta riga ta sha ta amayar."

"Shi ke akwai, Jusab-bhai. Mai dai mai ne."

"In ba ka ruwan wanki in ce shayi ne, za ka sha?"

Amma awaki sun fara hawa, ruwa ya cika, jirgi zai tashi. Jusab ya tace man da tsohuwar singiletinsa, ya sake tacewa, ya zuba mata yana ba ta haƙuri a hankali. Wannan zubawar ce ke hana shi barci, ba don laifinsa ba ne, don dai da hannunsa aka sa shi ya yi.

Awakin sun cika jirgi hawa-hawa, kuka ba dare ba rana. Kashinsu da fitsarinsu da ciyawarsu duk ƙasa suke gangarawa, wurin Masi. Jusab kan durƙusa ya zura hannu har kafaɗa cikin wannan ruwan yana cire abin da ya toshe rariya. Ta fara tari. Hayaƙinta ya koma baƙi. Amma tana ja.

Bayan sun wuce wani tsibiri iska ta juya, teku ta tashi. Jirgi ya riƙa ɗaga goshi yana bugawa, yana ɗagawa yana bugawa. Gari ya waye, an idar da sallar asuba ke nan, sai simintin ya saki gaba ɗaya, da kwanon da ƙusoshin. Ruwa ya shigo da kaurin cinyar mutum. Ya kai idon sawu, ya wuce. A lokacin muryar Masi ta canza. Cikin "tuf-tuf" ɗin da aka sani sai ga wani baƙon sauti, "tak... tak... tak," ƙarfe na bugun ƙarfe. Jusab ya gane boris ɗinta ne ya cinye. Ya kuma san in ya kashe ta don ta huce, ruwa zai kai babban inji kafin ta sake tashi. Ya bar ta. Ya jiƙa buhuna ya lulluɓe ta, buhunan na tururi suna bushewa yana sake jiƙawa. Sidik ya sauko da man girkinsa duka, na tuya da na miya, ya ce a ba ta. Aka ba ta. Ta sha, ta ci gaba, jikinta na rawa, kusoshin gindinta na kwancewa, Jusab ya rungume bututunta da hannu biyu yana cewa, "Kaɗan ya rage, Masi, kaɗan ya rage," alhali shi ma bai san abin da ya rage ba.

Ta kai hantsi. Sannan ta ce "ƙwam!" sau ɗaya. Sandar cikinta ta karye ta fasa gefenta ta leƙo waje, baƙin mai mai zafi ya fantsama a ƙirjin Jusab. Wilin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, yana rage gudu, yana ragewa, har ya tsaya. Mutanen da ke sama sun ce ba ƙarar ce ta tsorata su ba. Shirun ne. Har awaki sai da suka yi tsit.

Abin da ya biyo baya bokiti ne. Aka yi layi daga ƙasa zuwa sama, bokiti da tukunyar Sidik da jarkar da aka yanke wa kai, wannan ya miƙa wa wancan. Haji Aamad ya juya jirgi ya ba iska ɗaya gefen, ya sa aka kora awaki dama don ramin ya ɗan ɗago. Gaskiya a faɗe ta: Firoz ya shiga layi. Yana amai yana miƙa bokiti, tafin hannunsa ya sale, yana kuka yana kiran sunan 'yarsa, amma bai bar wurinsa ba. Sai dai ruwa ya fi bokiti sauri. Ya kai gwiwa.

Karsan ya cire riga. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa Jusab ɗaya bakin.

"Kaka," in ji Jusab, "ka tsufa da wannan. Bari wani ya shiga."

"Wa ya san inda haƙarƙarin jirgin yake da zai buga ƙusa ta kama? Kai? Riƙe igiya, kurma, kada ka sake ni."

Aka zura masa tamfol ninki huɗu, da katakon nan nasa, wanda ya roƙa a bar shi ya sa tun a Barbara. Igiyar ruwa na rufe shi tana buɗewa, yana jiran jirgi ya ɗago ya buga ƙusa, ya nutse, ya fito ya buga wata. Jusab na jin kowace bugawa a igiyar da ke hannunsa. Ƙusa biyu suka rage sai wata babbar igiyar ruwa ta ɗaga sandar da aka zura don ta danne katakon, ta maka ta a jikin jirgi. Hannun Karsan na dama yana tsakani.

Bai yi ihu ba, ko kuma iska ta kwashe ihun. Ya mayar da guduma hannun hagu, ya danne ƙusa da gwiwar hannu, ya ƙarasa. Da aka jawo shi sama, Sidik ya kalli hannun ya kau da kai ya naɗe shi da zanen gurasa. Karsan na kwance a kan katako, leɓensa ya yi fari.

"Ya kama?"

"Ya kama, Kaka."

"To ba ni taba mana, kun tsaya kuna kallona kamar amarya."

Da bokiti suka isa Salala. Akuya ko ɗaya ba ta mutu ba. A asibiti likitoci sun yi abin da za su iya, suka cire yatsu uku na tsakiya, suka bar masa babba da ƙarami. Kafinta ne. Ba shi da gona, ba shi da shago, bai iya komai ba sai riƙe guduma da kurfi.

Da yammacin ranar, ma'aikata na zaune a kan jirgi kowa hannu a kumbure, wayar Firoz ta yi ƙara. Ya miƙe tsaye. Haji ya ce ya buɗe murya. Seth ne.

"Awaki fa?"

"Lafiyarsu lau, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"Madalla. Jirgi?"

"Ya sha ruwa, amma yana nan. Famfo ne ya lalace."

"Ya lalace? Famfon da ya yi shekara da shekaru bai lalace ba? Jusab ne ya kashe min shi. Tsoho ya fara barci a kan aiki. In kun dawo ya kwashe tabarmarsa."

Kowa ya kalli Firoz. Shi ya san simintin Sharja, shi ya san katakon Barbara, shi ya ɗauko jarkar. Ya buɗe baki. Ya kalli tafin hannunsa da ya sale. Ya ce, "To, Baba."

Haji Aamad ya fizge wayar. "Seth, Karsan ya rasa yatsu uku. Shi ya shiga ruwa ya toshe ramin, shi ya sa kake da awaki."

"Wane Karsan?"

"Kafintanka. Tun zamanin mahaifinka yake wannan jirgin."

"Oho. To wa ya aike shi? Ni ban ce kowa ya shiga ruwa ba. Ka ji, Haji, ƙarfen famfon nan kada ku jefa shi teku. Ku kawo min shi gida, 'yan gwangwan za su saya. Abin ya dame ni ƙwarai, famfo mai kyau."

Jusab ya tashi da sifana a hannu, bai san lokacin da ya ɗauke ta ba. Babu wanda zai buga sai waya da Firoz. Ya tsaya yana huci, sannan ya maka sifanar a katako har ta kafe, ya sauka ƙasa ya zauna kusa da gawar. Da ya fito ya ce tunda a wannan tafiya ƙarfe kaɗai mai jirgi ya yi wa jimami, to za a yi wa ƙarfe makoki yadda ya kamata, kowa ya ji.

Marigayiya ta rasu ta bar tiyo biyu, ɗaya na shan ruwa ɗaya na zubarwa, dukansu sun bushe. Ta bar mariƙinta, wanda yanzu ba shi da abin juyawa. Ta bar babban inji, wanda bai jiƙe ba saboda ita, kuma har yanzu shi ake nuna wa baƙi. Ba ta bar 'ya ba, ba ta bar mataimakiya ba, an faɗi dalili. Ta bar mutum goma sha uku da ransu, da matansu a Mandvi waɗanda ba su shiga takaba ba, da yara waɗanda za su zo bakin kogi su tarar da ubanninsu. Ta bar Jusab, kurma a kunne ɗaya, da tabon ƙuna a ƙirji, ba aiki. Akwai kuma wasu marayu da ba nata ba, amma rana ɗaya suka yi rashi da ita: guduma, kurfi, zarto da magogi, suna nan a akwatin Karsan, ba wanda ya iya buɗe shi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An riga an yi mata wanka da kananzir. Jusab ne ya wanke ta, Karsan na zuba masa da hannun hagu, rabi a kanta rabi a ƙafar Jusab, yana zagin hannun. An suturta ta da buhunan sukari an ɗaure da igiya. Ba za a yi mata sallah ba. Haji Aamad ya ce ƙarfe ne, kada wasa ya wuce gona, Jusab bai yi gardama ba. Gawar za ta zauna a gindin sandar jirgi har iska ta mayar da su gida kafin damina, ana kwasar ruwa da famfon aro da wani jirgin mutanen garin Salaya ya taimaka da shi ba tare da an roƙa ba.

Ranar da aka iso Mandvi, bayan la'asar, za a ɗora ta a kan gora huɗu daga bakin kogi. Za a bi ta kasuwar kifi, a bi ta gaban masu shayi, a hankali, ba gaggawa. Mutum shida ne za su ɗauka. Firoz ya zo da kansa, kansa a ƙasa, ya roƙa a sa shi ciki. Jusab ya amince, ya kuma ba shi ɓangaren wili, inda nauyin yake. Karsan ne zai wuce gaba, hannu a kwance ba ƙyalle, don kada wani ya sake tambayar wane Karsan.

Makwancinta ƙofar gidan Seth Abdreman ne, kamar yadda shi da kansa ya nema, daidai tsakiyar inda motarsa ke fita. A nan za a shimfiɗa tabarmi a karɓi gaisuwa, ma'aikatan jirgi da matansu da yaransu, da duk mai jirgin ruwa a jininsa, Musulmi da Hindu. Ba za a tashi ba sai maigidan ya fito ya kalli hannun nan da idonsa, ya kira mai shi da sunansa, ya faɗi a gaban jama'a abin da iyalinsa za su ci. Masu zuwa ta'aziyya su taho da butar shayi da abin zama, don zaman zai iya yin tsawo.

In kuma maigidan yana ganin gawar ta tare masa hanya, ga ta nan, ba wanda zai hana shi. Ya sunkuya ya ɗauke ta da hannunsa. Shi ai yatsunsa goma ne cif.